Raunin da Ba Ya Jini: Yadda Ake Jinyar Zuciyar Wadda Aka Yi Wa Fyaɗe

Idan aka yi wa yarinya fyaɗe a garuruwanmu, kusan kowa ya san yadda lamarin ke tafiya. In ta yi sa'a, a kai ta asibiti a duba jikinta, a yi ɗinki in da buƙata, a ba ta ƙwayoyi. Maza su zauna a soro su yanke ko za a je wurin 'yan sanda ko za a kashe maganar a gida. Daga nan sai a dawo kanta da jumla ɗaya, uwa ta faɗa, goggo ta maimaita, maƙwabciya ta ɗora: "Ki yi haƙuri, ki manta, kada ki ƙara tayar da zancen nan." Yawancin masu faɗin haka ƙauna ce ta sa su, ba na shakkar wannan. Sai dai in aka auna shawarar da abin da masu jinyar irin wannan rauni suka gano cikin shekara hamsin da suka wuce, za a tarar ita ce ke riƙe ciwon ta hana shi warkewa.

Kafin a gane magani sai an gane cutar. A 1974 wasu mata biyu a birnin Boston na Amurka, Ann Burgess ma'aikaciyar jinya da Lynda Holmstrom masaniyar zamantakewa, suka wallafa abin da suka gani bayan sun yi ta zama da matan da ake kawowa asibiti bayan fyaɗe. Matan ba su san juna ba, amma kukansu iri ɗaya ne. A 1980 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya shigar da wannan hali a matsayin ciwo mai zaman kansa, wanda ake taƙaita sunansa da PTSD, wato firgicin da ke zaune wa mutum bayan ya gamu da mummunan tashin hankali. Shi ne ke kama sojan da ya dawo daga fagen daga, shi ne kuma ke kama yarinyar da aka ja cikin kango.

A cikin gida ga yadda yake bayyana. Budurwar da ta saba tafiya Islamiyya da yamma ta daina bi ta wani lungu, daga baya ta daina fita gaba ɗaya. A buga ƙyaure da ƙarfi ta zabura kamar an harba bindiga. Ƙamshin wani turare ya bugi hancinta a gidan biki, sai gabanta ya faɗi, gumi ya karyo mata, ta ji kamar yanzu abin yake faruwa. Ta yi wanka sau huɗu a yini ba ta ji ta tsarkaka ba. Dare ya yi ta ƙi barci don tsoron mafarki. Wani lokaci a yi mata magana ta zuba ido kamar ba ta wurin, wani lokaci ta yi wa ƙannenta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A nan ne mutanen gida kan ce an yi mata jifa ko ta yi gamo.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa ya fi haka sauƙin fahimta. Akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi: da ya hango haɗari sai ya kaɗa ƙararrawa, zuciya ta hau bugu, jiki ya shirya gudu ko faɗa. A lokacin tsananin tsoro, sashen da ke jera abubuwan da suka faru bi da bi, ya sa wa kowanne lokacinsa da wurinsa, ba ya samun yin aikinsa yadda ya kamata. Sai abin ya shiga a wargaje: wari nan, murya can, nauyin hannu a wuya. Kamar kayan da aka cusa cikin akwati da gaggawa ne, murfi ya ƙi rufuwa, mai akwatin ta koma ta zauna a kai tana dannewa dare da rana. Ko yaushe ta ɗan ɗaga, kaya su zubo. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Akwai wasu alƙaluma da nake so kowace uwa ta sani. A wani bincike da Barbara Rothbaum da Edna Foa da abokan aikinsu suka wallafa a 1992, sun bi matan da aka yi wa fyaɗe mako bayan mako. Kimanin mako biyu da faruwar abin, kashi 94 cikin 100 suna da alamomin wannan ciwo. Bayan wata uku suka ragu zuwa kashi 47. Ma'ana, ruɗewar makonnin farko ba hauka ba ce, kusan kowa haka take yi, kuma da yawa suna farfaɗowa da kansu in sun sami masu tallafa musu. Amma kusan rabi suna maƙalewa. Su ne waɗanda "lokaci zai warkar" ba ya yi wa aiki, kuma akwai mai ɗauke da abin shekara ashirin, ta yi aure ta hayayyafa, mijinta bai san dalilin da ya sa take ƙanƙame jiki in ya taɓa ta ba.

Me ke sa wata ta maƙale? Abu na farko gudu ne. Duk lokacin da ta kauce wa lungun, ko ta kori tunanin, takan ji sauƙi nan take, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki darasi cewa gudun ne ya cece ta. Gobe ta ƙara gudu, duniyarta ta ƙara ƙuntata, kuma mai gadin nan bai taɓa samun damar gane cewa haɗarin ya wuce ba. Na biyu zargin kai. Na uku, wanda ya fi ba ni takaici domin a hannunmu yake, shi ne abin da ta ji daga bakin mutumin da ta fara gaya wa. Binciken Sarah Ullman a Amurka ya sha nuna cewa wadda aka tarba da zargi ko ƙaryatawa ciwonta ya fi tsananta. Mu kuwa har karin magana muke da shi na soka mata wuƙa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai kuma tambayar nan da ba ta ƙarewa, "To me ya hana ki yin ihu?" A wani bincike da aka wallafa a 2017, likitoci a birnin Stockholm na Suwidin sun tambayi mata 298 da suka zo asibiti bayan fyaɗe, kashi 70 cikin 100 suka ce jikinsu ya sandare a lokacin, sun kasa motsi, sun kasa fitar da murya. Ba zaɓi ba ne, jiki ne ke yin haka da kansa in ya ga babu mafita, kamar yadda kaza kan yi lamo a hannun mai yanka. Yarinyar da aka yi wa wannan bayani kaɗai takan ji an sauke mata dutse daga ƙirji.

A kwanakin farko ba a fara jinya mai zurfi. Jiki ake fara ceta: maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana 5. Bayan wannan, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a ƙa'idojinta na 2013 mai sauƙi ne: a saurare ta ba tare da hukunci ba, a tambaye ta abin da take buƙata, a nuna mata an yarda da ita, a tabbatar tana inda wanda ya cuce ta ba zai kai gare ta ba. Hukumar ta ce kada a zaunar da mutum a tilasta masa zayyano komai a zama ɗaya da sunan rage masa nauyi, domin an gwada ba a ga amfaninsa ba. Ta kuma ce kada a ba da magungunan kwantar da hankali irin su diyazefam, wanda ake kira D5, don wannan firgici na watan farko. Suna kawo barci, amma ba sa taɓa tushen ciwon, ga kuma haɗarin jiki ya saba da su. Mai kemis na unguwa ya kamata ya ji wannan.

A lura da wani bambanci a nan, kada a ruɗe. Maimaita labari ga mai unguwa da ɗan sanda da duk goggon da ta zo jaje, kowa da tambayarsa da kallonsa, ƙarin ciwo ne. Ba da labarin a ɗaki a rufe, gaban wadda ta san aikin, a lokacin da mai labarin ta yarda, da tsari da manufa, shi ne magani. Idan wata ɗaya ya wuce alamomin ba su lafa ba, lokacin jinya ta sosai ya yi.

Hanyar da aka gina ta tun asali don matan da aka yi wa fyaɗe ita ce wadda ake kira CPT, ta Patricia Resick, wadda ta fara gwada ta a ƙarshen shekarun 1980. Zama goma sha biyu ne a ƙa'ida, yawanci sau ɗaya ko biyu a mako. Tushenta shi ne cewa bayan abin ya faru zuciya takan ƙulla wasu hukunce-hukunce don ta samu bayani: ni na jawo, na ƙazantu har abada, duk namiji macuci ne, ba inda zan zauna lafiya. Aikin mai jinya ta nemo waɗannan ƙulle-ƙulle, ta taimaka a kwance su ɗaya bayan ɗaya. Abin sha'awa, ba ta cewa "ba laifinki ba ne" ta tsaya nan, domin an sha gaya wa yarinyar haka bai shiga ba. Tambaya take yi. Mu ɗauka ga yarinya 'yar shekara goma sha bakwai a zama na huɗu:

"Anti, ni na ja wa kaina. Da ban shiga shagon ba da hakan ba ta faru ba."

"Kafin ranar, sau nawa kika taɓa shiga shagon?"

"Kullum Umma tana aikena."

"Duk waɗancan ranakun me ya same ki?"

"Ba komai."

"To a ranar, lokacin da kike ɗaga labulen, me kika sani game da shi wanda ba ki sani ba jiya da shekaranjiya?"

Ta yi shiru.

"Da ƙanwarki Umma ta aika, abin ya faɗa kanta, za ki ce ita ta ja wa kanta?"

"Haba Anti, ita me ta yi?"

Nan mai jinya za ta dakata, ba za ta ƙarasa mata ba. Yarinyar ce za ta ji da kunnenta cewa tana auna kanta da mudun da ba za ta auna ƙanwarta da shi ba, kuma tana hukunta kanta da sanin da bai zo mata ba sai bayan komai ya wuce. Za ta tafi gida da aikin yi: duk lokacin da tunanin ya taso, ta lura me ya tayar da shi, me ta gaya wa kanta, me ta ji. Zaman ƙarshe-ƙarshe kan koma kan abubuwa biyar da fyaɗe ke rushewa, wato jin aminci, yarda da mutane, jin cewa tana da iko da rayuwarta, ganin darajar kanta, da iya kusantar wani.

Wani zai ce wannan na Turawa masu boko ne. An amsa wannan a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda yaƙi ya mayar da fyaɗe makami. Judith Bass ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun yi gwaji a ƙauyuka 15 da mata 405, inda aka yi CPT a wasu daga cikin ƙauyukan, aka wallafa sakamakon a 2013. Da yawan matan ba su iya karatu ba, don haka aka mayar da aikin gida na baka, a riƙe a ka. Masu jagorantar zaman ba likitoci ba ne, ma'aikatan tallafi ne na yankin da aka ba horon mako biyu aka ci gaba da sa musu ido. Kowace mace ta yi zama ɗaya ita kaɗai, sannan zama goma sha ɗaya cikin rukuni, da harshensu. Sauran ƙauyukan aka ba su tallafin da aka saba, na saurare da shawara. Wata shida bayan kammalawa, kashi 9 cikin 100 na waɗanda suka yi CPT ne suka rage da alamomin matsananciyar damuwa ko fargaba, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 42, kuma ratar da aka gani a ciwon firgici ta yi kama da wannan. Duk lokacin da na tuna wannan bincike sai in tuna sansanonin 'yan gudun hijira na Borno da ƙauyukan Zamfara da Katsina. Abin da ya yiwu a Kibu, yankin nan na gabashin Kwango, ana tsakiyar rashin tsaro, ban ga abin da zai hana shi yiwuwa da Hausa ko Kanuri ba.

Hanya ta biyu ta Edna Foa ce ta Jami'ar Pennsylvania, ita kuma gudun take tunkara kai tsaye. Zama takwas zuwa goma sha biyar, kowanne kusan awa ɗaya da rabi. Mai jinya takan sa mace ta ba da labarin daga farko zuwa ƙarshe, ta sake, ta kuma sakewa, a naɗi muryarta ta saurara a gida. Karon farko kuka ne da rawar jiki. Zuwa karo na ashirin labarin yana nan da ɗacinsa, amma ya sami farko da tsakiya da ƙarshe, ya koma abin da ya faru a wata rana da ta wuce. An fito da kayan akwatin an ninke su. A waje kuma sai a jera abubuwan da take gudu waɗanda a gaskiya ba su da haɗari, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: tsayawa a ƙofar gida minti goma, zuwa bakin titi tare da yayarta, shiga adaidaita da rana, komawa makaranta. Ta tsaya a kowane mataki har bugun zuciya ya sauka da kansa. Ba a taɓa tura ta inda macucin yake. A 2002 Resick ta gwada hanyoyin biyu a kan mata 171, da yawansu shekaru sun shuɗe da abin da ya same su, duka biyun suka yi aiki sosai. Da aka sake neman matan bayan shekara biyar zuwa goma, sauƙin da suka samu yana nan.

Ga wadda masifarta ba ɗaya ba ce, an ƙone garinsu, an kashe mijinta a gabanta, an tsare ta a daji, akwai hanyar da Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert na Jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara, aka gwada ta a kan 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwarta tun daga haihuwa. Ta ɗora dutse a kan kowane baƙin ciki, fure a kan kowane farin ciki, a bar sauran igiyar a naɗe domin kwanakin da ke gaba. Sai a bi igiyar zama bayan zama. Ina ganin wannan ta dace da mu ƙwarai, mutanen da suka tashi da tatsuniya da ba da labari, kuma takan nuna wa mace da idonta cewa dutsen nan, duk girmansa, wuri ɗaya ya tare a kan igiya mai tsawo.

Akwai kuma EMDR ta Francine Shapiro, inda mace ke riƙe hoton abin a zuciya tana bin yatsan mai jinya da ido hagu da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, kuma tana da daɗi ga wadda ba ta son furta komai dalla-dalla, ko da yake masana na ta muhawara kan ko motsin idon ne ke aikin ko fuskantar tunanin. Ƙwayoyi irin su satralin suna taimakawa, musamman in damuwa ta yi nauyi, amma likita ne ke rubuta su, kuma a jerin Hukumar bayan jinyar magana suke zuwa.

Yara nasu daban ne, kuma su ne suka fi yawa a cikin waɗanda ake kawowa cibiyoyinmu na kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Yaran maza su ne aka fi mantawa, domin kunyar da ke rufe bakinsu ta ninka. Hanyar da Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka tsara wa yara tana tafiya ne da uwa ko uba ko wani babba da yaron ya amince da shi. A koya wa yaro numfashin kwantar da jiki da sunayen abin da yake ji, ya gina labarinsa da zane ko wasa, a gefe guda ana shirya uwar yadda za ta saurari labarin ba tare da ta rushe da kuka ko ta hau faɗa ba. Sau da yawa uwar ma tana buƙatar jinyar, domin ita ma tana cin kanta da "da ban ɗora mata talla ba".

Ban ga karo tsakanin wannan da addini ba. Addu'a da karatu suna kwantar da zuciya, kuma malamin da ya gaya wa yarinya cewa an ɗauke alƙalami a kan wanda aka tilasta, babu zunubi a kanta, ya kwance ƙulli babba da mai jinya za ta yi makonni tana fama da shi. Inda nake da ja shi ne a tsare ta ana duka ko hayaƙi da sunan fitar da aljani, ko a ce tawakkali yana nufin kada ta nemi magani, ko a daura mata aure da wanda ya cuce ta don a rufe asiri.

Jinyar nan tana da wuya, ba na ɓoyewa. Makonnin farko wasu kan ji kamar abin ya ƙaru, wasu su daina zuwa, shi ya sa dole a bayyana mata komai tun farko ta shiga da yardarta, domin wadda aka ƙwace wa zaɓi ba a warkar da ita da wani tilas ɗin. Idan macucin yana cikin gidan, a fara raba su. Idan tana maganar kashe kanta, wannan na gaggawa ne, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai.

Wuraren zuwa sun ƙaru tun da aka buɗe cibiyar Mirabel a Legas a 2013. Akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, don haka jiran su kaɗai ba zai fisshe mu ba. Nas-nas da ungozoma da ma'aikatan jin daɗin jama'a ne za a horar a riƙa bibiyar aikinsu, kamar yadda aka yi a Kwango. Wanda ya raka 'yarsa ko ƙanwarsa ɗaya daga cikin wuraren nan, bayan an gama duba jiki kada ya tashi sai ya tambaya: wa zai zauna da ita, wace hanya aka horar da shi a kai, zama nawa za a yi, kuma wace rana za ta dawo.